Ƙanwata ta ji sauƙi, Hajiya ta ce a daina ƙwayar

Maman Ilham
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Ƙanwata ce ta haihu wata bakwai da suka wuce, haihuwar fari. Tun kafin a yi arba'in muka ga ta canza, yarinyar da in tana gida ba ka jin muryar kowa sai tata ta koma sai dai ta zauna ta zuba wa bango ido, jaririn na tsala kuka a gefenta sai an ce ke ɗauki ɗanki sannan ta ɗauka. Abinci sai an tsare ta. Ƙarfe uku na dare ki farka ki same ta zaune bakin gado tana hawaye, me aka yi miki, ta ce ba komai, ita dai gani take ba ta da wani amfani, yaron ma gara a ba wa wata ta riƙe. An yi rubutu an yi tofi, mai ruƙiyya ya zo sau uku bai ga komai ba, shi ne ma da bakinsa ya ce mu gwada asibiti. Muka kai ta, likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ya rubuta mata satralin guda ɗaya kullum da safe. Sati biyun farko ba abin da muka gani sai tashin zuciya da ciwon kai, har mijin ya fara ƙorafin an ci kuɗinsa a banza. Wajen sati na biyar na shiga gidan na tarar tana yanka alayyahu tana wa yaron waƙa, wallahi sai da na koma soro na yi kukana.

Yanzu wata uku kenan tana sha, ta dawo daidai har ta koma sai da turarenta. To shi ne Hajiyarmu ta ce tunda ta warke a ajiye ƙwayar nan haka, wai an faɗa mata in jiki ya saba shi kenan mutum ya zama ɗan ƙwaya, ga shi tana shayarwa kar ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Dangin mijin ba su ma san ana sha ba, a gwangwanin madara take ɓoyewa. Ranar komawa asibiti sai nan da sati uku. Mu daina ko mu ci gaba? Sannan wata ƙawata ta ce akwai wanda ake yi da magana kawai ba ƙwaya, shi kuma a ina ake samunsa?

Sista Binta
Wa alaikumus salam. Maman Ilham don girman Allah kar ku daina. Shekarata goma sha ɗaya a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa kuma abin da ya fi dawo mana da marasa lafiya kenan, a ji sauƙi a jefar da magani, bayan wata biyu a dawo da mutum ya fi da lalacewa. Sauƙin da kike gani maganin ne ke riƙe da shi. Ƙa'idar ita ce bayan mutum ya dawo daidai a ƙara aƙalla wata shida ana sha, wasu ma likita kan kai su wata tara zuwa shekara, sannan a dinga ragewa kaɗan kaɗan cikin makonni, ba a tsayar rana ɗaya ba. Zancen nono kuma, satralin na cikin waɗanda aka fi zaɓa wa mai shayarwa saboda abin da ke shiga nonon ɗan mitsitsi ne, ina kyautata zaton shi ya sa ma likitan ya zaɓe shi. Ba sai kun jira sati ukun ba, ki ɗauki Hajiya ku je tare ta ji daga bakin likitan.

Ɗan Kurna
Ni dai gaskiya ina bayan Hajiya. Akwai wani yaro a layinmu da aka kai asibitin ƙwaƙwalwa, da ƙafarsa ya tafi yana magana garau, da ya dawo sai tafiya yake kamar an sa masa sanda a baya, hannu na rawa, yawu na zuba, wuya ya karkace. Shi kenan fa har yau. Maganin nan na turawa kashe mutum yake a tsaye. Mace ta haihu ta ɗan shiga damuwa sai a ɗora ta kan ƙwaya, iyayenmu da suka haifi goma goma wace ƙwaya suka sha?

Sista Binta
Malam Ɗan Kurna ba irin maganin ba ne sam. Abin da ka kwatanta illar su haloferidol ne da Largactil, na masu jin muryoyi da ganin abin da babu, ba na ciwon damuwa ba. Kuma wannan sandarewar ana maganinta, a rage yawan maganin ko a haɗa masa da Artane ko a canza masa zuwa wani. In har yau yana haka to ba a mayar da shi an faɗa wa likita ba ne. Iyayenmu kuma da ka ce, ka tambayi tsofaffin gidanku mata nawa aka ce iska ta shafe su a jego, wasu aka sake su, wasu suka ƙare a ɗaure.

Mai Kemis
Bari in sa baki a zancen zama ɗan ƙwaya don kullum da shi nake fama a shago. Mutane sun haɗa komai a kwando ɗaya. Akwai su dayazifam, wanda yara ke cewa D5, da Lexotan da Rochi. Waɗannan su ne masu kama jiki, yau ka sha ɗaya ka yi barci, bayan wata guda sai biyu, in babu ka rasa inda za ka sa kanka. Shi ya sa likitan kirki ba ya barin mutum a kansu fiye da sati biyu zuwa huɗu. Su kuma satralin da fuloksetin da amitiriftilin ba sa bugarwa, ba wanda zai sha ya ji wani caji, ban taɓa ganin yaron da ya zo da daddare yana roƙon a sayar masa da satralin ba. Abin da ke faruwa shi ne in ka tsayar farat ɗaya jiki zai yi ƙorafi, jiri, mugayen mafarkai, saurin fushi, wani ya ce ji yake kamar lantarki na fizgarsa a ka. Wannan ne ake rikitawa da jaraba.

Abin haushin ma shi kansa Artane ɗin da Sista ta ambata, shi ne Exol ɗin da matasa suka mayar abin maye, yanzu mara lafiyar gaskiya ya zo nema ana masa kallon ɗan shaye-shaye.

Ummu Sudais
Mai Kemis ka faɗi gaskiya amma ba duka ba. Ni na sha irin maganin nan shekara ɗaya da rabi kuma ya taimake ni, ba zan yi butulci ba. Amma ba wanda ya faɗa min cewa zai kashe min sha'awa, har sai da abin ya kusa kawo matsala tsakanina da maigida, ni kuma kunya ta hana in faɗa wa likita namiji ga ɗalibai uku a tsaye a bayansa suna rubutu. Sannan lokacin dainawa cewa kawai ya yi ki dinga shan rabi na sati biyu sai ki bari, na yi wata guda ina jiri ko kasuwa ban iya zuwa. Ka zo tun bayan asuba ka karɓi kati, sai azahar a kira ka, minti biyar, ya jiki, da sauƙi, ci gaba da maganinki, na gaba ya shigo. Yaushe za ka faɗi abin da ke ranka? Ni abin da ke ci min rai kenan, ana ba mu ƙwayar amma ba mai zama ya saurare mu.

Sista Binta
Wannan kam ba zan musa miki ba 'yar'uwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kullum kuma wasu na haɗa jaka suna ficewa. Ranar asibiti mutum ɗaya zai ga sittin ko fiye. Amma zancen sha'awa don Allah mata ku dinga faɗa, ko a takarda ki rubuta ki miƙa, ko ki ja nas mace gefe, sanannen abu ne kuma akwai waɗanda ake canzawa zuwa gare su.

Ustazu Abu Hafsa
Bismillah. Ina son in gyara wani abu kafin a fara cewa malamai ne ke hana mutane zuwa asibiti. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, bai ware ciwon zuciya da damuwa ba. Nana A'isha ma in an yi rasuwa takan sa a dama talbina a ba masu baƙin ciki, ta ce ta ji Manzon Allah SAW yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ka ga kenan abin da ake sa wa a baki yana taɓa abin da ke zuciya. Ruƙiyya gaskiya ce, addu'a wajibi ce, amma ba kishiyar asibiti ba ce. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa mai ciwon damuwa imaninki ne ya yi rauni. Annabi Yaƙub AS ya yi kuka har idonsa ya yi fari, wa zai ce imaninsa ya yi rauni? Allah ya saka wa mai ruƙiyyar da ya ce ku je asibiti, da wani ne da yanzu yana kan aljani na bakwai yana karɓar kuɗin turare.

Ɗan Kurna
Ustazu to ai na ji an ce su kansu turawan sun dawo sun ce zancen ƙarancin sinadari a ƙwaƙwalwa ƙarya ne. To maganin me yake gyarawa kenan?

Zee Halayya
Ba ƙarya aka ce ba yaya, cewa aka yi babu gamsasshiyar hujja. A 2022 wasu masu bincike a Ingila suka tattara abin da aka rubuta suka ce ba a tabbatar ƙarancin sinadarin serotonin shi ne sanadin ciwon damuwa ba. Wannan daban, ko maganin na aiki daban. A 2018 an haɗa gwaji 522 a kan magunguna 21, duka sun fi ƙwayar da ba komai a cikinta, sai dai wasu masu binciken na ganin bambancin ya fi fitowa ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, mai ɗan sama-sama ba lallai ya ga wani abu ba. Farasitamol ma an daɗe ana sha ana jin sauƙi alhali har yau ba a gama gane yadda yake aiki ba.

Anti Maman Ilham, tambayarki ta biyu ba wanda ya taɓa ta, ni kuma fannin da nake karanta kenan. Wanda ƙawarki ke nufi akwai shi kala-kala amma wanda ya fi shahara shi ne CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar zaman magana. Wani likita ne a Amurka, Aaron Beck, ya tsara shi a shekarun 1960, bayan ya lura masu ciwon damuwa duk akwai wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama kuma su gaskata su ɗari bisa ɗari. Misali ƙanwarki, yaro ya yi kuka, tunanin da zai faɗo shi ne ni ba uwar kirki ba ce. Daga nan ƙirji ya yi nauyi, ta ƙi ɗaukarsa, ya ƙara kuka, ta ce kin gani ko, dama na faɗa. Abin ya zama zagaye. Mai CBT zai zauna da ita ya ce to mu duba, wace shaida ce ke nuna ke ba uwar kirki ba ce, wace ce ke nuna akasin haka, wa ya tashi ya ba shi nono jiya da dare, da ƙawarki ce yaronta ke kuka haka za ki ce mata ba ta da amfani? Sai a ba ta aikin gida, ta rubuta tunanin duk lokacin da ya zo, kuma a tsara mata ƙananan abubuwan da za ta yi ko ba ta jin yi, yau ki yi wanka ki sa kwalli, gobe ki leƙa maƙota minti goma. Zama ne na kusan awa guda sati sati, yawanci daga 8 zuwa 20 an gama. Amfaninsa babba shi ne ko an daina abin da aka koya yana nan, shi ya sa ciwon bai cika saurin dawowa ba.

Baffa Na Sabon Titi
Hhhh wato hira ce za a yi da ni in biya kuɗi. Ai kakata kyauta take yi.

Zee Halayya
Baffa ka yi dariya amma ka taɓo gaskiya ba ka sani ba. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda kakanni mata ya ɗauko ya koya musu, aka ajiye benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, mai damuwa ya zo ya zauna da kaka zama shida. Su a yarensu sunan ciwon ma yawan tunani, kamar dai yadda muke cewa tunani ya yi mata yawa. Da aka gwada aka fitar da sakamako a 2016 waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Bambancin kakar da aka koya wa da tamu shi ne tamu za ta ce yi haƙuri, kowa da haka ya saba, ki gode Allah kin samu ɗa wasu nema suke. Waccan kuma ba ta yanke miki hukunci, za ta sa ki lissafo matsalolin, ki zaɓi ɗaya, ku nemo abin da za ki iya yi a kanta kafin sati mai zuwa.

Wanda ma ya fi kama da na ƙanwar Anti shi ne na Fakistan, a ƙauyukan Rawalfindi, inda aka koya wa mata ma'aikatan lafiya masu shiga gida gida yadda za su yi wa masu ciki da masu jego. Musulmai ne irinmu, ga uwar miji ga kunya ga talauci. Bayan wata shida da haihuwa kashi 23 cikin ɗari ne ke da sauran ciwon a cikin waɗanda aka yi wa, waɗanda ba a yi wa ba kashi 53. A 2008 aka buga wannan, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin. Ni abin da ke ba ni takaici muna da ungozomomi da ma'aikatan sha-ka-tafi a kowace unguwa, da za a koya musu da an rage wa su Sista layi.

Maman Ilham
Zee Allah ya yi miki albarka. To kenan za mu iya barin ƙwayar mu koma wannan ɗin?

Zee Halayya
A'a Anti ba haka nake nufi ba fa. Yadda kika kwatanta ta, ba ci ba barci har tana cewa a ba da yaron, nata ya yi nisa, irin wannan haɗawa ake yi. Da a lokacin aka zaunar da ita a ce rubuta tunaninki ko biro ba za ta iya riƙewa ba. Yanzu da maganin ya ɗaga ta shi ne daidai lokacin fara zaman. In kun koma ku ce a haɗa ku da masanin halayyar ɗan Adam na asibitin, manyan asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa kamar Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri nan ne aka fi samunsu. Sai kun tambaya fa, in kun yi shiru takardar magani kawai za a miƙo muku.

Wani Bawan Allah
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa rubutu ba. Ni nawa ba ciwon damuwa zalla ba ne, mai hawa da sauka ne. Ina shekara 24 abin ya fara, na yi kwana tara ban yi barcin kirki ba kuma ban ji gajiya ba, na sayar da babur ɗina na raba kuɗin a tasha, ina ganin ni ne zan gyara ƙasar nan kafin Juma'a. Aka ce aljanu, aka kai ni wani gida aka sa min mari wata huɗu, har yanzu tabon na nan a idon sawuna, in ina alwala a masallaci juya baya nake. Lokacin da aka fasa gidan marin nan na Rigasa a Kaduna a 2019 aka fito da mutum sama da 300 na ga hotunan a waya, ranar ban iya cin abinci ba. Kawuna ne ya ciro ni ya kai ni asibiti. Aka ɗora ni kan litiyam da wani na dare. Shekara biyu lafiya lau, na yi aure, na buɗe shagon gyaran waya. Sai na ce ai na warke, ga abokai na zuga wai har yaushe za ka yi ta haɗiyar ƙwaya kamar tsoho. Na bari ban faɗa wa kowa ba, matata na miƙo min in karɓa in sa a aljihu. Wata uku aka yi, sai ga ni a saman katangar maƙota da ƙarfe biyun dare ina wa'azi. Shagon ya tafi, matar ma da ƙyar iyayenta suka bari ta dawo.

Yanzu shekara shida ban tsallake ko kwana ɗaya ba. Ana ɗibar jinina lokaci lokaci a duba yawan maganin da ƙoda da maƙoshi, an hana ni shan su diklofenak da ibufurofen don suna sa litiyam ya taru a jini, hannuna na ɗan rawa in ina riƙe da ƙaramin sukundireba, na ƙara ƙiba. Na yarda da duk wannan. Na ƙanwarki ba irin nawa ba ne, ita in sha Allah za ta gama ta ajiye, ni kam nawa kamar mai hawan jini ne. Amma ranar ajiyewar likita ne zai faɗa. Ki karanta wa Hajiya wannan.

Ustazu Abu Hafsa
Allahu Akbar. Allah ya ƙara lafiya ɗan'uwa, ya sa kaffara ne.

Sista Binta
Amin. Labarinsa ya tuna min abu biyu. Na farko shi ya sa ba a son ka ga maƙocinka ya sha wani magani ya ji daɗi kai ma ka je ka saya, don mai irin ciwonsa in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya harba shi sama. Na biyu mata, akwai Epilim da ake ba masu wannan ciwon da masu farfaɗiya, in mace na iya ɗaukar ciki lallai ta yi maganar da likita, kusan jariri 1 cikin 10 na zuwa da nakasa in an sha shi da ciki. Kar a tsayar da kai, a je a canza.

Sannan duk wanda aka fara ba wa maganin damuwa, musamman ɗan ƙasa da shekara 25, a sa masa ido sosai a makonnin farko. In ya fara zancen gara ya mutu, ko mai jego ta daina barci kwata-kwata tana sambatu tana cewa yaron ba nata ba ne, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne, a ranar ake tafiya, kuma kar a bar ta ita kaɗai da jaririn.

Elh. Na Maraɗi
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan wajenmu matsalar ba ta yarda ba ce kaɗai, nisa ne. Ƙanena allurar wata wata ake mashi, Modecate, tunda shi ba ya yarda da ƙwaya, kuma tun da aka fara ya bar jin muryoyin nan har yana zuwa gona. Amma duk wata sai mun yi kuɗin mota mun tai likita, wani lokaci mu tarar babu allurar sai mun nemo waje. Ina tambaya, azumi na tahowa, allurar na karya azumi? Kuma masu ƙwaya ya suke yi?

Ustazu Abu Hafsa
Alhaji allurar da ba ta abinci ba ce, wadda ake yi a tsoka, mafi yawan malaman wannan zamani sun tafi a kan ba ta karyawa. Mara lafiya kuma dama Allah ya yi masa rangwame ya rama daga baya.

Wani Bawan Allah
Ni kafin kowane azumi sai na je na ga likita. Masu sha sau ɗaya a rana yawanci mayar musu ake sahur ko bayan shan ruwa. Mu masu litiyam ne abin ke da wuya saboda ƙishirwa na sa ya taru, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar zafi cewa ya yi in ajiye in rama da sanyi. Rashin barcin ma kansa yana tayar min da ciwon, don haka tahajjud raka'a kaɗan nake yi in je in kwanta.

Malam Tarihi
Ɗan Kurna da ke cewa abin turawa ne, maganin farko na masu taɓin hankali, Largactil, a 1952 aka fara gwada shi a wani asibiti a Faris, kafin nan su ma ɗaurewa suke yi kamar mu. Bayan shekara biyu kacal, 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a Aro kusa da Abekuta, inda mara lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, da safe ya je asibiti a ba shi magani ya dawo cikin jama'a, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu ne muka tsaya, dokar mahaukata ta 1958 muka yi ta amfani da ita har sai Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu a sabuwa.

Ɗan Kurna
To na ji. Amma ni dai har yanzu ina ganin ana saurin ba da ƙwaya. Zan dai faɗa wa baban yaron nan na layinmu zancen Artane ɗin.

Mai Kemis
Kar ka ce ya saya fa, cewa za ka yi ya mayar da shi asibiti da katinsa da ragowar magungunan a leda.

Admin
Jama'a ina tunatarwa, ba a rubuta wa kowa magani ko adadin da zai sha a zauren nan. Na goge saƙo biyu na masu tallan maganin gargajiya da lambar waya, na uku cirewa zan yi.

Maman Ilham
Salam, na dawo da bayani. Daren jiya na karanta wa Hajiya saƙon Wani Bawan Allah da na Ustazu, ta yi shiru can ta ce Allah sarki ɗan mutane. Yau da safe muka tafi mu uku, ba mu jira ranar ba. Mun sha zama kam har bayan azahar. Hajiya ta yi wa likitan tambayoyi sun fi goma har da ko yaron zai yi dolanci, ya yi dariya ya ce ta kalle shi yadda yake fizgar abin aunawar da ke wuyansa. Ya ce a ƙara wata shida sannan a fara ragewa a hankali. Na tambayi zancen zaman maganar kamar yadda Zee ta ce, ashe akwai, ofishin na can ƙarshen baranda mun sha wuce shi ba mu sani ba, an ba ta ranar Talata ta sama. Mijin ya ce zai dinga kawo ta amma kar a faɗa wa mahaifiyarsa tukunna, wannan kuma wani yaƙin ne na gaba.

Zee, matar ofishin ta ce ƙanwata ta zo da littafin rubutu. Ƙanwar tawa boko iyakarta aji uku na sakandare, da Hausa za ta iya rubutawa ko dole sai turanci?

Zee Halayya
Da Hausa mana Anti, ko da ajami ne ma in shi ya fi mata sauƙi, ita za ta karanta abinta. Ki saya mata ƙarami wanda zai shiga jaka.